Kwanson Harsashi da Garken Gwanki

Jiya da safe ina share motar maigidana a ƙofar gidansa da ke unguwar Ulaya ta birnin Riyad, sai tsintsiya ta jawo wani abu daga ƙarƙashin kujera, ya faɗo kan kwalta. Kwanson harsashi ne, dogo, ya kai ɗan yatsana na tsakiya. Maigidan yakan je filin koyon harbi a bayan gari shi da abokansa, su yi ta harbin allon ƙarfe daga nesa. Na ɗauka na kai hanci. Warin bai gama fita ba. Na daɗe ina tuƙi a Riyad, gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara neman tabarau, amma warin nan nan take ya mayar da ni zauren kakana.

Kakana na wajen uba maharbi ne. Baba Tsoho muke ce masa. Ƙauyenmu yana bakin daji, kuma a dajin akwai garken gwanki. In ba ka taɓa ganin gwanki ba, ɗauka doki ne aka sa wa ƙaho. Bindigar Baba Tsoho harba-ka-ruga ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma harbinta ba ya zuwa nesa ko kaɗan. Dole ya yi sanɗa da rarrafe, iska na bugun fuskarsa, har sai ya ga dabbar tana ƙifta ido. Ya ce in ba ka ga ƙiftawar ido ba, ba za ka isa da wuƙa kafin rai ya fita ba, ka yi mushe ke nan. Biyu yake ɗauka a shekara, bayan kaka, tsofaffin maza, kuma duk gidan da ke ƙauyen sai an ɗora tukunya.

Ina ɗan shekara tara aka turo mana malamin daji, da kaki da littafi a hammata. Ya tara dattawa ya ce gwanki na gwamnati ne, an hana harbi. Aka ɗauke bindigar Baba Tsoho aka ba shi 'yar takarda. Tsohon bai yi musu ba, ya dai tambaya ko gwamnatin ta gaya wa gwankin.

Ba ta gaya masa ba. Damina biyu garken ya daina tsoron mutum. Wake na fara fure su shigo, gero na fitar da kai su shigo. Na ga gwaggona zaune a tsakiyar gonarta da aka tattake, ta rasa ma kukan da za ta yi. Aka kai ƙara, malamin daji ya ce a rubuto. Aka rubuta, ya ce ana ƙirga dabbobin. Har yau ban san wanda ya gama ƙirgar nan ba. Sai a bazara ta uku aka ce ai garken ya yi yawa, za a rage. Ba a dawo wa Baba Tsoho da bindigarsa ba. Baƙi aka ba izini, manyan mutane daga birni, suka zo a buɗaɗɗiyar mota da bindigogi masu madubi a kai.

To, da bazara gwanki ba ya zama kusa. Ruwa in ya ƙafe sai garken ya janye zuwa wani idon ruwa a bayan duwatsu, wanda a duk ƙauyen Baba Tsoho ne kaɗai ya san hanyarsa. Sai ni, don ya taɓa goya ni zuwa can, ya kuma ja mini kunne kada in gaya wa kowa. Malamin daji ya kawo baƙin zaurenmu. Ɗayansu ya nuna wa tsohon harsashi, ya ce da wannan yakan kayar da dabba tun tana kamar ɗigo a ido.

"In ta faɗi can, wa zai yanka?" in ji Baba Tsoho.

Suka yi dariya. Shi kuwa ya ce tsufa ya sa ya manta hanya, ya ja bargonsa ya juya musu baya.

A waje suka gwada bindigar a jikin kuka, kwanson ya yi tsalle ya faɗi gabana yana ƙyalli, da ɗuminsa. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so shi ba. Mai bindigar ya lura. Ya tsuguna ya ce, "Yaro, kana so? Kai da gani ka san daji." Ba a dake ni ba, ba a tsorata ni ba. Na miƙa hannu na nuna duwatsun, na ce a bi ta gefen itatuwan marke biyu.

Kwana uku muna jin ƙara daga nesa. Abin da suka kwasa a mota ban san yawansa ba. Abin da na sani shi ne ungulu, mako guda suna kewaya sama, don da yawa sun gudu da harsashi a jiki sun je sun mutu cikin ƙaya. Wari ya riƙa zuwa mana da iskar yamma. Ragowar garken ya bar dajin, bai sake dawowa ba. Malamin daji kuwa ya rubuta a littafinsa cewa an yi aiki.

Ina busa kwanson kamar usur a bayan rumbu Baba Tsoho ya same ni. Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya dubi duwatsun. Na jira mari, wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai ya mayar mini, ya naɗe yatsuna a kai.

"Riƙe da kyau," ya ce. "Shi ke nan abin da ya rage mana."

Bai sake ɗaga maganar ba har ya rasu. Bai kuma sake goya ni zuwa ko'ina ba.

A nan ƙasar, wata rana na kai maigida wani keɓaɓɓen wuri a cikin sahara, na ga barewa da mariri suna kiwo hankali kwance, ga masu gadi, ga kwamin ruwa. Ƙasar da ciyawa ma sai an roƙe ta. Mu da muke da daji, yanzu ko zomo sai an sha wuya. Na gaji da jin haushin ofisoshi, don duk sanda na fara zagin malamin daji a raina, sai in tuna hannun wa ya nuna hanya. Kwanaki 'yata ta kira ni a waya tana aikin makaranta, ta ce, "Baba, gwanki tsuntsu ne ko kifi?" Na ce mata dabba ce, na yi saurin tambayar lafiyar mamarta.

Jiyan, da maigida ya fito na miƙa masa kwanson. Ko dubawa bai yi sosai ba. "Khalas, ya gama aiki, jefar," ya ce, "yalla, mu tafi, mun makara." Kwandon shara yana nan gefen ƙofa, taku biyu. Na buɗe masa mota, na zagaya na zauna, na tayar. Kwanson yana aljihuna har yanzu.