Idon Ma'azu Gola

A Lolo idan ka ce Ma'azu sai a tambaye ka wanne, amma idan ka ce Gola ko mai tallar gyaɗa za ta nuna maka gidansu, can gangare wajen mashigin jirage. Basarke ne ɗan Basarke, zuriyar masunta masu jiragen ruwa. Tun bai isa riƙe filafili ba mahaifinsa ke aza shi a goshin jirgi, kuma a can hannunsa ya koyi cafke kifi kafin ya suɓuce. Da ya fara bin yara filin firamare ba wanda ya tambaye shi inda yake so ya buga. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai, sai aka tura shi tsakanin duwatsu biyu aka ce ya tsaya nan. Ya tsaya. Duwatsun suka zama gora, gorar ta zama ƙarfe, gemu ya fito masa, ya yi aure har da 'ya'ya, yana nan a raga.

Aiki biyu ƙungiyar garin, Taurarin Kwara, ta ɗora masa. Shi ke tsaron gida, shi kuma ke kai su duk wasan da sai an bi ruwa, cikin jirgin da mahaifinsa ya bar masa, wanda ya sa wa inji. A gidansu ba a miƙa wa baƙo wutsiyar jirgi alhali mai shi yana zaune da ransa. Abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki.

Ciwon ya soma ne da damina. Wata rana yana dawowa daga duba taru, rana ta faɗi amma da sauran haske, sai ya ga gaɓa ta ɓace masa. Ya murza ido, ya wanke fuska da ruwan kogi. Yana jin muryar mata masu wanki, yana jin ƙamshin hayaƙin banda, amma gabansa baƙi ƙirin. Da safe ya tashi garau, yana hango tsuntsu a tsallake. Magariba na yi abin ya dawo. Ya san sunansa, dundumi, amma bai yarda bakinsa ya furta ba.

Tasallah matarsa ba ta ce masa komai ba. Ta dai ga ya daina zuwa masallacin kasuwa da isha ya koma na ƙofar gida, yana tafe yana shafa bango. Ranar kasuwar Lolo sai ga gasasshiyar hanta a kwanonsa, shi kaɗai, ban da yara.

"Mi ya kawo hanta yau?"

"Na gan ta da kyau ne," in ji ta, tana kallon murhu.

Ya cinye. Mako ya zagayo ta sake kawowa, ya sake cinyewa. Duhun bai ragu ba, sai ma ya riƙa riga magariba isowa.

Abin da ya rufa masa asiri a fili shi ne dokar garin. Tun da shari'a ta zo, ana idar da la'asar ake take wasa, kuma kafin ladan ya kira magariba alƙalin wasa ya busa usur, ko saura nawa ne, don kowa ya samu alwala. Ma'azu ya riƙa auna inuwar ƙarfen raga. Idan ta kai gindin dogonyaro ya san duhu ya kusa, amma kafin ƙwallo ta gama narkewa a idonsa an tashi.

Da aka kai amfanin gona gida, gasar cin kofin ƙaramar hukuma ta matso. Malam Haliru, malamin firamaren da ke horar da su, ya tara su ƙarƙashin dogonyaron ya raba wa kowa wurinsa. Bara ƙungiyar Sharabi ta cire su a wasan kusa da na ƙarshe, bana kuma ana ta labarin ƙungiyar Geza ta samo wani ɗan gaba mai gudu kamar barewa. Ya ce Muzammilu zai tsaya gaba shi kaɗai, kada ya sake dawowa baya neman ƙwallo. Usuman a tsakiya, ya rage wasa da ƙwallo ya riƙa bayarwa. Namadi a baya, lamba biyar.

"Raga kuwa ba magana," in ji shi. "Kowane gari na kukan gola, mu namu Allah ya ba mu. In muka ci ɗaya, Ma'azu ya rufe ƙofa, kofi na Lolo ne."

Aka yi tafi. Namadi, wanda taubashin Ma'azu ne kuma ba ya ganinsa ya ƙyale, ya ce, "Malam, a dai riƙa ɗaure mai wando. Tsoho in ya yi tsalle ba a san abin da ka faɗuwa ba."

"Kai da saniya ta fi ka juyawa," Ma'azu ya mayar masa. Aka bushe da dariya, shi ma ya yi.

Nan Malam Haliru ya ce kafin gasa za su gwada ƙafa da wata ƙungiya a wani ƙauyen Dandawa cikin ƙasar Binin. Hanyar mota ruwa ya cinye ta, da jirgi za a tafi. Ma'azu ya yi lissafi a zuci: a buga da la'asar, a tashi da sauran rana, ya kawo su gida kafin ta faɗi. Zai yiwu.

Bai yiwu ba. Ranar ta zo daidai da kasuwar ƙauyen, rabin 'yan wasansu suna can suna sayar da shinkafa. Aka yi la'asar, aka zauna. Aka kawo musu fura suka sha, aka ci gaba da zama. Ma'azu ya je wurin koci ya ce a matsa musu, Malam Haliru ya ce baƙo ba ya gaggauta mai gida. Ko da aka take wasa rana ta yi ja. Kuma a can ba mai tsayar da ƙwallo don magariba ta kusa, sai lokaci ya cika.

Kafin hutun rabin lokaci ya kama biyu masu wuya, 'yan kallo har suna tambayar sunansa. Da aka dawo, gefen fili ya fara rufewa. Mutanen da ke bakin layi suka fara ɓacewa, sannan tsakiyar fili, sannan fararen rigunan abokansa suka zama wani hayaƙi mai motsi. Ya koma kama wasa da kunne, ƙarar takalmi da numfashin masu gudu. Aka buga wata daga nesa, wadda ko ɗansa zai kama. Ya ji iskarta ta wuce kunnensa, ya ji raga ta motsa, shi kuwa yana tsaye hannu a buɗe.

"Gola, barci kakai?" Namadi ya daka masa tsawa. "Ko budurwa ka hango cikin Dandawa?"

Ta biyu ma haka ta shiga.

Aka tashi, suka yi magariba a masallacin ƙauyen, suka gangara bakin ruwa. Ma'azu ya dafa kafaɗar Usuman kamar mai gajiya, da haka ya isa jirgi. Samari suka cika shi maƙil suna gardamar wanda ya jawo aka ci su. Ƙafarsa ta san hanyar wutsiya, hannunsa ya san igiyar inji. Ya ja, injin ya tashi, jirgi ya bar gaɓa.

Ya san ruwan nan kamar tsakar gidansu, amma sanin da ido ne. Basarke ba ya tuƙi da tocila. Ɗan hasken da ya rage a fuskar ruwa yake karantawa, inda ya yi laushi da inda ya murɗe. Gaba kaɗan akwai tsibirin ciyawar burgu da za a bari a hannun dama, bayansa kututturen wata ƙatuwar itaciya da ambaliya ta kayar, wanda bara ya fasa jirgin masu albasa. Ya buɗe ido iyakar buɗewa. Ba ruwa, ba sama, ba gaɓa. Muryoyi kawai, kuma kowace ya san uwar mai ita. Muzammilu da aka sa wa ranar aure. Usuman da matarsa ke da tsohon ciki. A cikinsu waɗanda suka iya iyo ba su kai rabi ba.

Ya ce a ransa bari ya ƙara kaɗan, wataƙila idon ya washe. Ya ƙara. Wani abu ya gogi cikin jirgin, ƙiii, ya wuce. Ciyawa ce ko reshe, bai sani ba.

Ya kashe injin.

"Mai ya ƙare?" in ji Malam Haliru.

"Ko ya tsaya kama ƙwallon ɗazu ne," in ji Namadi. Wasu suka yi dariya.

"Malam," Ma'azu ya ce. "Ba ni gani."

"Ba ka ganin mi?"

"Komi. Ko hannuna ba ni gani. Tun damana haka nike in rana ta faɗi."

Ruwa na jan su sannu, gindin jirgi na juyawa. Wani ya fara salati, wani ya yunƙura zai miƙe, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo.

"Kowa shi zamna!" Tsawar da yake yi wa 'yan baya ce ta fito masa. Suka zauna. "Namadi, kana hangen fitilun ƙauyen?"

"Ina gani, ɗan'uwa." Bai taɓa kiransa haka ba. "Suna bayanmu, hannun hagu."

"Laluba ƙarƙashin benci akwai filafili. Zo nan wurina."

Namadi ya rarrafo ta kan ƙafafun mutane. Ma'azu ya matsa, ya kama hannunsa ya zaunar da shi a inda ba wanda ya taɓa zama sai shi da mahaifinsa. Namadi manomi ne, bai iya ba, sai da jirgin ya yi ta zagaye. Ma'azu na gaya masa yadda zai tsoma da yadda zai ja, shi kuma yana faɗin inda fitilu suke, har goshin jirgi ya daki laka. A masallacin ƙauyen suka kwana. Da hantsi Ma'azu ya tuƙo su gida, kuma da suka zo wajen tsibirin kowa ya ga kututturen da idonsa, baƙi, rabinsa a ruwa.

Malam Haliru da kansa ya raka shi asibitin ido a Birnin Kebbi. Likita ya ce ba irin wanda hanta ke warkarwa ba ne, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Aka ba Bilyamin tela raga, jigilar ƙungiya kuma wani ƙanen mahaifin Ma'azu ya karɓa.

Har yanzu Ma'azu yana fita kamun kifi da safe. Ranar da aka buɗe gasa da Geza a filin Lolo ya zo da doguwar riga ya tsaya bayan raga, yana gaya wa Bilyamin lokacin fita da lokacin tsayawa. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci, ba wanda ya ci wani, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya yi wa koci sallama ya kama hanyar gida tun yana ganinta. Yana zaune a tabarma Tasallah na zuba masa ruwa a buta suka ji ihu ya tashi daga fili.

"Mu ne ko su?" ta tambaya.

Ya karkata kai ya saurara.

"Mu ne," ya ce.