Shekarar da na ƙona geron Baba

Shekarun baya can, ina sabon malamin kimiyya a wata sakandare a Gaya, mahaifina ya faɗo daga kan amalanke ya karye a ƙafa. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, an gama noman fari, saura zuba taki. Gonarmu ta Toranke ita ke riƙe da gidan gaba ɗaya, ga rumbu ya kusa ƙarewa. Ni ne babba, don haka ranar Juma'a ana tashi daga makaranta na hau babur sai gida.

Na tarar da shi kwance a zaure, an yi masa ɗori. Ya ce buhun takin yuriya biyu na nan a ɗaki, amma kada in taɓa sai an yi ruwa ƙasa ta jiƙa. Ya ce in riƙa tona rami da sanda, nesa da gindin shuka kamar tafin hannu, in zuba cikin murfin kwalba ɗaya in rufe. Sau uku yana maimaitawa. Ina ta "to Baba, to Baba", a raina kuwa cewa nake, ni da na yi shekara huɗu a jami'a za a koya wa zuba taki?

A lokacin an riga an kwana tara ba ruwa, ni kuma Litinin ina da aji. Ranar Asabar da na ga hadari ya haɗo a gabas sai na ce shi ke nan, ai ga ruwan nan tafe. Wa zai tsaya tonon rami ɗaya-ɗaya a wannan zafi? Na dinga dumbuzowa da hannu ina zubawa a gindi, wai ni mai son gero ya ƙoshi. Kafin in kai ƙarshen gonar buhunan sun ƙare.

Hadarin nan iska ya zama. Ɗan yayyafi aka yi, daidai wanda zai narkar da takin, bai isa ya wanke shi ya shiga ƙasa ba.

Da na dawo wata Juma'ar, tun daga kan hanya na hango ɓarnar. Ganye ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone kamar an bi da wuta. Abin takaicin, ba sai na tambayi kowa dalili ba. Saiwa cike take da ƙwayoyin halitta, kowace da 'yar fatarta siririya da ruwa ke ratsawa, shi kuma ruwa kullum ɓangaren da ya fi gishiri yake bi. A ƙa'ida cikin saiwa ya fi ƙasa gishiri, shi ya sa shuka ke shan ruwa. Ni kuwa da takin nan na mayar da ƙasar ta fi saiwa gishiri, sai ruwa ya juyo yana fita daga jikin geron. Wallahi a zangon nan na koyar da wannan darasi, har na ba wasu ɗalibai sifili a kansa.

Na koma zaure na durƙusa, na soma kawo bayanin ƙwayoyin halitta, kai ka ce bayanin zai tayar da gero. Ya bari na gama tsaf.

"Wato dai takin ya shanye masa ruwa," in ji shi. "Ai shi ya sa na ce ka jira."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Muka maye wurin da wake. Gefen da taki bai kai ba shi ya tsira, 'yan dammuna kaɗan muka ɗaure. Shekarar nan mahaifiyata ta rage awo, ƙannena suka koma tuwo sau ɗaya a yini, kuma ba wanda ya taɓa yi mini gori. Ni dai na san kowace loma da ta ragu a kwanon nan hannuna ne.

Har yau ina koyarwa, kuma na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Duk shekara in na zo wannan darasi sai in ga yara suna kwafa da kyau, su haddace, su ci jarrabawa, ni kuma in rasa yadda zan gaya musu cewa ni ma haka na ci tawa. Baba ya warke, ya ƙara damina bakwai yana noma. Ina zuwa in yi huɗa, in yi noma, in yi girbi, duk yana bari na. Amma ranar zuba taki sai ya ce in je in huta, aikin makaranta da gajiya. Har Allah ya karɓi ransa bai sake miƙa mini buhun nan ba.