Guga da randa a ajin Malama Saliha

Ka taɓa jin an jefa guga cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa? Malama Saliha ta Cadawa ce ta fara. Shekara uku tana koyar da rubuta wa na'ura umarni, ɗalibai goma sha tara, na'ura bakwai, amma kalmomin Turanci sun ƙi zama a kansu. Sai ta musanya kalmomi goma sha biyu da sunayen kayan gida. Mai son na'ura ta yi ta maimaita aiki ya rubuta "jefa guga", mai son ta tsaya ya rubuta "randa ta cika".

Ran Talata mai duba lakol, wato makaranta, ya zo daga Agiye. Ya ce in wadda ya zaɓa ta kasa sa na'ura ta ƙirga zuwa ɗari, za a kwashe na'urorin. Ya nuna Husaina, 'yar makiyaya mai goyo.

Husaina ta rubuta, ta danna. Lambobi suka zubo, ɗari, ɗari tara, dubu huɗu, ba tsayawa. Saliha ta hango kuskuren, ga shi mai duban ya hana ta magana.

Ya dubi Saliha ya ce, "Madam, shirmen da kike koya musu ke nan?"

Husaina ta ce, "Laihina ne, ranka ya daɗe. Mu shanu muke shayarwa, ba mu san randa ba." Ta ƙara layi guda, "randa ta cika", ta danna. Na'ura ta tsaya cak a ɗari.

Mai duban ya sa hannu a takarda, ya tafi hannu rabbana.

Kai ma gwada: nemo wa umarnin "goge rubutu" suna daga tsakar gidanku.