Idon Baba da Lambobin da Aka Ɓoye

Ranar Asabar ta farko a hutun bazara, shekarar da na cika goma sha ɗaya, Kawu Isufu, ƙanin Mama, ya shigo falonmu yana nishi, rungume da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya. A unguwar Glenwood ya tsince ta a bakin titi, inda ɗaliban jami'a ke jibge kayansu idan za su tashi daga haya. Ya dire ta a kan teburin cin abinci, ya share gumi da hularsa, ya ce wa Baba, "Ga ordinatar nan, yara su rage maka surutu." Baba yana kwance a doguwar kujera, fuskarsa ga bango, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Bai juyo ba, ya dai ce an gode.

Tun ƙarshen sanyi yake kan wannan kujerar. Injin ɗaure kwali a wurin aikinsa ne ya tafi da yatsunsa biyu, ya murƙushe sauran. Ciwon ya warke, amma Baba bai cire bandejin ba, bai kuma tashi ba. Ya daina zuwa masallaci don kada a miƙo masa hannu, ya daina cin abinci a gaban kowa don da hagu yake ci. Gidanmu a hawa na biyu yake, bayan High Point Road, titin da yanzu ake kira Gate City Boulevard. Mama kan bi bas ɗin safe zuwa otal ɗin da take gyaran ɗakuna, ta bar mini wanke-wanke da kai kaya ɗakin injin wanki da ke ƙasa. Idan na gama, babu abin da ake ji a gidan sai ƙugin na'urar sanyin taga da kukan gyare daga itatuwan bayan gida. Na tsani wannan shirun, har nakan saki murfin tukunya da gangan ko Baba zai yi mini tsawa, amma ko tsawar ba na samu.

Kafin ya zo Amurka, Baba dillalin tumaki ne a Dakoro. A Greensboro ma abin da aka san shi da shi ke nan. Duk shekara idan layya ta matso, mutanen masallacinmu sukan cika motoci su ɗauke shi zuwa wata gona a bayan gari, shi ne mai zaɓar wa kowa rago. Yakan danna gadon bayan dabba, ya buɗe bakinta ya duba haƙori, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta, sannan ya ce a kama ko a bari. A wurin aiki ɗaya ne daga cikin masu tura kwali, amma a wannan ranar har Alhaji Mamman, dattijon jama'armu, bayansa yake bi.

A cikin kwamfutar na tarar da wani wasan besbol, wasan ƙwallo da sanda na Amurkawa. Ba irin wanda kake dukan ƙwallo da kanka ba ne. Kai ne mai ƙungiya: ka zaɓi 'yan wasa, ka jera su, ka danna, kwamfutar ta buga wasan da kanta ta gaya maka wanda ya ci. Kowane ɗan wasa yana da lambobin da ke nuna ainihin ƙarfinsa, amma a ɓoye suke. Abin da ake nuna maka shi ne suna da shekaru da tsayi da nauyi da hannun da yake jifa da shi, sai ɗan zanen fuska. Sauran kuwa canke ne. Na yi kwanaki ana lallasa ni, ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya shan kaye baki rufe. Wata rana na buga tebur na ce ta yaya mutum zai san na kirki an ɓoye komai. Sai na ji murya daga kujera: "Karanto mini su, ɗaya bayan ɗaya."

Haka muka fara. Ni ce mai riƙe linzamin kwamfuta da fassara, shi ne mai zaɓe. Bai san dokokin besbol ba sai abin da na koya masa, ni ma rabi na sani, amma ya ɗauki abin kamar yana tsakiyar karar dabbobi ranar kasuwa. "Wannan ƙashinsa ya yi nauyi, ba zai yi gudu ba," in ji shi, sai in sallame shi. "Wannan bai gama fitar da haƙori ba, a ba shi lokaci." Sunayen Turawan sun gagare shi, sai ya laƙaba musu nasa. Akwai wani dogon bahago mai jifa da ya sa wa Balami, sunan manyan fararen ragunan nan, shi ne ɗan lelensa. Abin mamaki, muka shiga cin wasa. Baba ya baro kujera ya dawo tebur, ya sa aka yi masa aski, ya fara cin tuwo da cokali a hannun hagu yana kallon allo ba tare da ya tuna da kunya ba. Farin cikin da na yi a wannan bazarar ban ƙara yin irinsa ba sai da na girma.

Mutum ɗaya ne a gidan bai yi murna ba, yayana Salisu. Shi ne ainihin mai son besbol, har ya je gwajin shiga ƙungiyar makarantarsu a farkon shekara, ba a ɗauke shi ba. Ya ce mura ce ta kama shi ranar, rashin sa'a ne kawai. Baba bai tausaya masa ba. "Mai horarwa yana da ido," ya ce masa, "in ya bar ka, akwai abin da ya gani." Haka Baba yake har da kansa. Duk wanda ya ce masa hannunsa tsautsayi ne, sai ya ce a'a, shi ya yi sakaci. Sai da na girma na gane ya gwammace laifin ya zama nasa, domin mai laifi aƙalla yana da hannu a abin da ya same shi. Salisu ya haɗiye maganar ya ajiye.

Da ganye ya fara ja, layya ta matso, Alhaji Mamman ya hau benenmu da kansa ya tambayi Baba ko bana za a samu ya raka su gona. Mun san tun watanni Baba ke cewa ba za shi ba. Ya dubi kwamfuta, ya ce in Allah ya yarda za shi. Mama ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba, washegari kuma ta goge masa babbar rigarsa ta rataye a bayan ƙofa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya da la'asar muka buga wasan ƙarshe, Balami ya yi jifa, muka ci kofi. Na yi ta tsalle har maƙwabcinmu na ƙasa ya bugo rufinsa da tsintsiya. Baba ya juya wajen Salisu, wanda ke tsaye a ƙofar ɗaki, ya ce, "Ka gani ko? Babu sa'a a zaɓe. Akwai mai ido, akwai marar ido."

Salisu ya tako ya fizge linzamin daga hannuna. Na yakushe shi har ya yi jini, bai saki ba. Ya danna nan, ya danna can, sai ga lambobi sun fito a gefen kowane suna. Ya ce in karanta wa Baba, na ƙi, sai ya karanta da kansa. Balami yana cikin mafiya rauni a duk gasar. Mai nauyin ƙashin da muka sallama tun makon farko kuwa ya fi kowa ƙarfi.

"Luck ne, Baba, sa'a ce kawai," in ji Salisu. "Tsaya ka gani."

Ya sa kwamfutar ta sake buga shekarar gaba ɗaya da 'yan wasanmu, ba a canza ko ɗaya ba. Kafin mutum ya sha ruwa ta gama, ƙungiyarmu tana can kusa da ƙarshe. Baba ya daɗe yana kallon allon.

"Wanda ya ba Balami wannan lambar," ya ce a hankali, "ya taɓa ganinsa yana jifa?"

"Babu wani Balami, Baba. Lamba ce kawai."

"Bon, shi ke nan," in ji Baba. Ya dafa tebur da hagu ya miƙe, ya koma kujerarsa.

Ranar zuwa gona motoci suka tsaya a ƙasa suna oda. Baba ya aike ni in ce ciwon hannunsa ya tashi. Alhaji Mamman ya ɗaga kai ya dubi tagarmu, ya ce Allah ya sawwaƙe, suka tafi. Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa su kwaso ramammu, a ci nama ana tsaki, a dawo a roƙi Baba. Ba haka aka yi ba. Ragunan da suka zaɓa da kansu sun yi kitse, naman ya yi daɗi, babu wanda ya lura da wani bambanci. Baba ya ɗanɗana wanda aka kawo mana, ya tauna a hankali, na ga shi ma ya gane hakan. Wannan ya fi mini ciwo fiye da abin da Salisu ya yi.

Yanzu ba a cika motoci a tafi gona. A waya ake turo hoton rago da nauyinsa a rubuce, ka zaɓa kana zaune, a kawo maka nama a yanke. Baba ya tsufa, ya koma masallaci tun da daɗewa, yana gaisawa da kowa, amma bai ƙara taɓa gadon bayan dabba ba. Salisu, wanda ke tuƙa babbar mota yanzu, shi ke yi masa layya. A Sallar da ta wuce ya durƙusa kusa da shi ya nuna masa hoton raguna biyu, ya ce, "Baba, wanne za a kama?" Baba ya daɗe yana duba su, har na ga ragowar yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Sannan ya tura wayar ya ce, "Duk wanda ya zo." Gaskiya Salisu ya faɗa ranar nan, kuma har yau ban ga abin da ta amfana mana ba.