Ramin Bunu

In ka fita ƙauyenmu ta hanyar Guri, akwai wani kududdufi a bayan jingar tare kogi wanda ba ya ƙafewa ko da rani. Ramin Bunu ake ce masa. Mata na wanki a can, makiyaya na shayar da shanu. Bunu ɗan gwaggona ne. Amma labarin nan na ƙaninsa ne, Fannami, taubashina, mutum ɗaya da na sani a duk fadamar Hadeja wanda ya ci abinci da ƙwallon golf.

Muna ƙanana, aikinmu in shinkafa ta nuna shi ne korar tsuntsayen jan baki. Kowa da majajjawarsa da gwangwaninsa, ban da Fannami. Shi sai ya dunƙula laka ya shanya, ya sami kere mai lanƙwasa, ya ajiye dunƙule a ƙasa ya sheme shi, ka ga ya faɗa tsakiyar tsuntsaye. Lalaci ne ya koya masa, don ba ya son zagaya gona, kuma na sha gaya masa haka.

Da ya tasa ya tafi cin rani Kano, ya dace da aikin ɗaukar wa masu hali jakar sanduna a filin golf. Wata rana wani Alhaji ya miƙa masa sanda don a yi dariya. Da ya buga, ba wanda ya yi dariya. Daga nan sai gasa: Kaduna, Jos, Legas, har Ghana. Mu a gida wasan bai taɓa shiga kanmu ba. Ƙato ya bugi abu kamar ƙwan zabo, ya bi shi a ƙafa, ya sake bugawa, in ya jefa shi rami a tafa masa. Mai bin ƙwai nake ce masa. Shi kuma, da yake bandar kifi ce sana'ata, sai ya ce, "Gumsu, hayaƙinki ya riga sallamarki isowa."

Bunu shi ya riƙe gonar gidansu, shi ne kuma mai kula da jingar gari. Jinga ita ce tudun ƙasar da muke ɗagawa tsakanin kogi da gonaki, kowane gida da rabonsa. Kafin ruwa ya taso, Bunu kan bi ta ba takalmi daga wannan kai zuwa wancan, yana soka sanda, yana neman ramin gafiya da inda ƙasa ta yi taushi. Ba ya karɓar "na gyara" daga bakin kowa, ko da Bulama mai gari ne.

Wani rani Fannami ya zo gida ya daɗe, da babbar gasa a gabansa. Ya ce yana son ciyawa mai laushi da zai riƙa gwada hannu. Ya share fili a bayan rabon jingar gidansu ya shuka ta, gari ya yi ta dariya, mu muna nome ciyawa shi yana yi mata ban-ruwa. Ya ari injin ban-ruwa, kuma don kada amalanke ta taka masa tiyo a kan jinga, sai ya huda ta ta ƙasa ya zura shi.

Bunu bai so ba. Ya ce, "Kafin ka tafi ka buɗe wurin nan har ƙasa, ka cika, ka daɓe."

"To, Yaya."

Sai aka matso da ranar gasar, aka bugo masa waya, ga motar Hadeja na shirin tashi. Ya zare tiyo, ya cusa tsohon tawul ɗinsa a bakin hudar, ya shafe da laka sumul. A bakin mota Bunu ya tambaye shi, "Ka daɓe?" Ya ce, "Na daɓe, Yaya." A shekarar Bunu ya soka sandarsa ko'ina, ban da wurin. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa ya karɓi maganar wani, don ta ɗan'uwansa ce.

Ruwa ya zo ƙarshen damina, shinkafa ta fara fid da kai. Ya bi hudar nan yana ci, kafin hantsi jinga ta ɓalle. Ba a rasa rai ba, amma rabin gari bai yi girbi ba, har da mahaifiyata. Inda ruwan ya faɗo ya ƙwaƙule ƙasa, shi ne kududdufin nan. Bunu ya tsaya gaban Bulama Rilwanu da jama'a ya ce, "Sakacina ne." Ya ajiye sandarsa, bai sake jagorantar aikin jinga ba. Samari kuwa, da yunwa da haushi, suka laƙaba wa ramin sunansa.

Fannami ya zo bayan ruwa ya janye, da buhunan shinkafa a mota. Ya raba gida-gida, aka yi ta sa masa albarka. Ya karɓi albarkar ya koma Kano.

Abin da ya fi ba ni takaici ya faru bayan 'yan shekaru. A wata gasa a Jos yana kan gaba, sai ƙwallonsa ya ɗan motsa a ciyawa da ya ajiye sanda. Ba wanda ya gani. Ƙa'idar wasan ita ce ɗan wasa ya kai ƙarar kansa, ya kuwa kai, aka ƙara masa bugu ɗaya a lissafi, alhali mai ƙarancin bugu ke cin wasan, kofi ya kuɓuce masa. Har a rediyo aka yabe shi. A majalisar bakin masallaci wani ya ce, "Ga mai amana. Da yayansa ya sami rabin tasa, da ba mu ci garin rogo ba." Bunu yana zaune a wurin. Murmushi ya yi ya ce, "Haka yake tun yana yaro."

Kowace shekara Fannami na zuwa da niyyar magana. Su zauna kan tabarma da tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ce, "Yaya," Bunu ya ɗago kai yana jira, sai ya ɓige da tambayar taki ko yadda ciyawar kachala ta cinye magudanar ruwa. Ya gina masa ɗaki mai kwano. Ya saya masa injin ban-ruwa. Bunu ya karɓa ya yi godiya. Ana haka wuyan hannun Fannami ya fara ciwo, ya bar gasa ya koma koyarwa a Kano. Bara, lokacin sanyi, Bunu ya kwanta 'yar gajeruwar jinya, Allah ya karɓi abinsa.

Bana, ana gobe gayyar jinga, Fannami ya same ni da la'asar ina juya kifi. Bai tsokane ni ba, a nan na san ba lafiya. Ya zauna kan turmi ya ba ni labarin nan duka. Ya ce albarkar da aka sa masa ranar rabon shinkafa har yau tana ci masa rai. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi ba.

Na ce, "Ni ka zo gaya wa? Kifin nan ne zai wanke Bunu? Gobe gari duka yana kan jinga."

Washegari ina wurin, na kai wa ma'aikata kunu. Fannami ya hau kan tudu ya ce, "Jama'a, ni na huda jingar nan. Ni na ce wa Yaya na daɓe, alhali ban daɓe ba."

Samari suka tsaya da fatanya a hannu. Dattawa kuwa ko gezau. Bulama Rilwanu, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya ce, "Mun sani, Fannami. Da ruwa ya janye mun tsinci tawul ɗinka a cikin laka. Bunu ya karɓe shi, ya haɗa mu da Allah mu yi shiru. Ya ce kana da gasa a gabanka, kuma in ka shirya za ka faɗa da bakinka. Duk zuwan da kake yi, sai ya ce mini watakila bana ne."

Fannami ya durƙusa a wurin. Ya roƙi a riƙa ce wa kududdufin Ramin Fannami. Bulama ya ce shi dai ba shi ya raɗa sunan ba, amma jama'a sun ji.

Bai koma Kano ba. Kullum da safe yana jidar ƙasa da kwando yana zubawa a ramin, da hannun nan nasa mai ciwo, ruwa na haɗiyewa. Shekaranjiya ina wucewa na gan shi ya tsaya yana share gumi, ga Zara, babbar 'yar Bunu, ta taho da kayan wanki a ka. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Ina zuwa, Zara?"

Ta ce, "Ramin Baba, Baffa."

Ya sunkuya ya ɗauki kwandonsa ya bi bayanta.