Khalil, Rigarka Ba Ta Hau Sama Ba

Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban 1446, wato sha ɗaya ga Fabrairun 2025, Allah Ya karɓi ran ɗana Khalil Muntaka a wani asibiti a Maryland, yana da shekara talatin da tara. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za a koma, babba da yaro. Washegari aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa cikin sanyi mai ratsa ƙashi.

Na ce ɗana, ko da yake ba ni na haife shi ba. Ɗan yayata ne, Hajiya Rumasa'u, ɗanta na fari. Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da wannan ke nufi. Yaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce min, "Sadiyya, ɗanki ya ci abinci?" Da haka ya zama nawa.

Khalil, na zauna a gidan makokinka a Hyattsville har aka watse, ina jin abin da ake faɗa. An ce ɗan Dakta. An ce yaron nan mai ladabi da ke tuƙi a filin jirgin Dulles. Duk gaskiya ne. Amma ko mutum ɗaya bai ambaci cewa ka yi shekara goma kana buga wasan hoki na ƙanƙara, ana biyan ka albashi, dubban mutane suna sayen tikiti don su gan ka ba. Wani dattijo ya tambayi sana'arka ta da, aka ce masa, "Ya ɗan yi wasanni yana yaro." Na ji, na haɗiye, don gidan makoki ba wurin gardama ba ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na son a binne ka sau biyu.

Ina budurwa aka kawo ni ƙasar nan don in taya Yaya aiki, kai kuma kana ɗan shekara shida. Maƙwabta ne suka fara kai ka filin ƙanƙara, ka dawo ka ƙi barci sai da takalmin nan mai wuƙa a ƙasa. Daga nan aiki ya same ni. Muna idar da sallar asuba sai mu kama hanya, kai da jakar da ta fi ka tsawo, ni da fulas ɗin shayi da dadduma. Ni da ban san komai ba sai allo da tawada, sai ga ni na iya ɗaure takalmin hoki, na san lokacin da wuƙarsa ke neman washi. Iyayen sauran yara sun saba ganina a lungu, kusa da injin sayar da lemo, ina lazimi. Kai ba ka taɓa jin kunyata ba. Kana fitowa za ka ɗaga sanda ka yi ihu da Hausarka mai gargada, "Inna, kin gani ni?"

Na gan ka. Ni kaɗai ce na gan ka.

Ba zan faɗi sunan kulob ɗin da ya ɗauke ka ba, don a cikinsa akwai waɗanda suka yi maka alheri, ba na son in ɗauki alhakinsu. Ba babban kulob ba ne irin wanda ake nunawa a talabijin kullum, amma na ƙwararru ne, garin kuma ba shi da abin alfahari sama da shi. Sun ɗauke ka don ka iya gudu a ƙanƙara, ka iya raba ƙwallo. Da koci ya dubi faɗin kafaɗarka sai ya canja maka aiki. Akwai wani yaro Jerome, siriri, mai zura ƙwallo kamar da hannu yake ajiyewa. Aka ce kai ne mai tsaronsa. Duk wanda ya taɓa Jerome, kai za ka jefar da safar hannu ka tare shi. Kai da ko kaza ba ka iya kallon yankanta.

Ban taɓa son wannan ba, kuma na gaya maka. In an fara dambe sai in rufe ido ina salati har alƙalin wasa ya raba ku. Ka kan zo gida da leɓe a ɗinke, ka cire haƙoran roba ka ajiye a gefen faranti, ka ce, "Inna, tuwo shi ne abincin ɗan hoki, ba ya neman haƙori." Sai in yi dariya, in shiga kicin in yi kuka.

A bayan rigarka sunan mahaifinka aka rubuta, Muntaka, kamar yadda kowane ɗan Bahaushe yake ɗaukar sunan ubansa. Sunan da kai ba ka iya furtawa a gabansa, sunan da Yaya ba ta taɓa bari ya fito daga bakinta ba, shi ne mutanen garin nan suke rerawa suna buga ƙafa. Dakta ya ce ba zai je inda ake ihun sunansa da kofin giya a hannu, ɗansa yana zubar da jini ba. Ya kuma ce maka, shi da yake likita, kan mutum ba mota ba ne, ba a sayar da safayarsa. Ban ce ya yi ƙarya ba. Gaskiya ya faɗa, kuma lokaci ya nuna. Abin da ke ci mini rai shi ne, gaskiyar tasa ta ishe shi, har bai ga bukatar ya taka ƙafa ko sau ɗaya ba. Ita kuwa Yaya kunya ta riƙe ta. Ta yaya za a ce uwa ta je ta zauna tana tafa wa ɗan fari? Kunyar da a Kano kowa ya san ƙauna ce a lulluɓe, kai da aka haifa a nan ba ka da mai fassara maka ita sai ni, kuma ban san ko ka yarda da fassarata ba.

Duk da haka ba ka taɓa ɗaga musu murya ba. In ƙanƙara ta zuba, kafin gari ya waye ka share wa tsofaffin unguwa motocinsu. Yaran da iyayensu ba sa iya sayen takalmin wasa, namu da na Kiristocin Kaduna da Filato duka, kai kake tara musu tsofaffi ka koya musu tsayuwa. Ka yi azumi a cikin bas ɗin kulob, kana buɗa baki da dabinon da nake cusa maka a jaka. In an yi rasuwa kana gaba wajen ɗaukar makara.

Bayan ka bar wasa ciwon kai ya kama ka, ya tsananta. Haske ya dame ka. Ka fara tsayawa a tsakiyar salla ba ka san raka'a ta nawa kake ba, ka kira ni kana tambayar hukuncin sujadar rafkannuwa, abin da kai ka sani tun kana yaro. Likitoci sun yi nasu bayanin. Ni na san ajali ba ya jinkiri, amma na san kuma inda aka samo ciwon.

Bara kulob ɗin ya sanar zai yi bikin cika shekara hamsin, zai zaɓi manyan 'yan wasansa na tarihi, a ɗaga rigunansu zuwa rufin filin su zauna can. Ka zo min da murna irin ta yaro. Ka ce, "Inna, in suka ɗaga tawa, sunan Baba ne zai hau sama. Ranar ba faɗa, ba jini. Zai zo, ko?" Na ce in Allah Ya so.

Ba su zaɓe ka ba. Sun zaɓi masu zura ƙwallo da masu tsaron raga, kai suka aiko maka da tikiti biyu. An ce yanzu ba a son tuna zamanin dambe, ba ya yi wa wasan kyau. Da yana cika musu kujeru ya yi kyau. Na raka ka. Muka zauna can sama, muka ga rigar Jerome tana hawa a hankali, ana kiɗa. Jerome yana tsaye da haƙoransa cif, da hankalinsa cif. Ka miƙe ka tafa masa har tafinka ya yi ja, ka ce, "Ya cancanta, Inna." Ya cancanta, ban musa ba. Shi kansa ya zo asibiti daga baya, ya riƙe hannunka, Allah Ya saka masa. Amma kowace ƙwallo da aka ƙirga masa, akwai naushin da ya sauka a kanka wanda ba a ƙirga ba.

Ranar da baƙi suka gama watsewa, ina naɗe dadduma a ɗakin Yaya, sai ta ce min a hankali, "Sadiyya, ɗan nan naki, ya iya wasan kuwa?"

Na ce, "Yaya, ya iya."

Ta ce, "Nuna min."

Na buɗe mata wani tsohon bidiyo a waya. Ga ka nan kana yanka ƙanƙara kamar iska, filin ya ɗauka da sunan mijinta. Dakta yana falo, ƙofa a buɗe. Na ji ƙarar carbinsa ta tsaya, amma bai shigo ba. Sai wani ƙato ya zo ta baya ya maka ka da bango, ka kife, ka kwanta ba motsi. Yaya ta damƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Khalil! Khalil, tashi!"

Shekara talatin da tara kana jiran wannan kiran. A cikin wayar ka tashi.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Khalil. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubansa, Ka cika masa raka'o'in da suka ɓace masa, Ka yafe masa duk wanda ya buga, Ka yalwata kabarinsa, Ka ɗaga shi inda ba kwamiti ne ke zaɓa ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dakta Muntaka, da Yaya Rumasa'u, da matar Khalil, Abby, da 'yarsa Zahra. Allah Ya ba su haƙuri, ni ma Ya ba ni, Ya wanke mini zuciya daga ɗacin da na kasa ɓoyewa. Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Innarka,
Sadiyya
Hyattsville, Maryland