Noreen Heslop da Sandunan Hoki

Noreen Heslop ta zo makarantarmu a farkon zangon kaka, shekarar da aka sake rufin ɗakin cin abinci. Ni na daɗe a kicin lokacin, tukwane da tanda suna hannuna, don haka ni aka ce in nuna mata wuri. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ta haura arba'in, jaka ɗaya a hannunta. Wuyan hannunta na dama a karkace yake, ya karye ya haɗe da kansa. In kana mata magana sai ta juyo maka da kunnen dama, don na hagu ba ya ji.

Makarantar ta 'yan mata ce ta kwana, mai zaman kanta, can cikin tuddan Northumberland inda bas ba ta zuwa sai safe da yamma. Noreen ba son aikin ne ya kawo ta ba, ɗakin da ake ba ma'aikata a saman wurin wanki ne. Tun ranar farko, tana ɗaura rigar aiki, ta ce da ni, "Hazel, in wani ya bugo waya yana neman Noreen, babu mai wannan suna a nan."

Labarin nata a wurin ferayar dankali na ji shi, kaɗan-kaɗan. A Gateshead aka haife ta. Ubanta a wurin ƙera jiragen ruwa yake aiki, mai saurin hannu in ya sha. Tana da shekara ashirin ta auri Clifford, direban babbar mota, saboda ya iya rawa kuma yana ba ta dariya. Dariyar ba ta kai shekara ba.

"Wannan ƙofar mota ce," ta ce, ta ɗaga hannun. "Ya ce in ɗora hannu, na ɗora, ya rufe. Kunnen kuma dutsen guga ne."

Cikin da ta taɓa samu a kan matakala ya zube, bayan ya hankaɗa ta. Duk wannan ta zauna. Abin da ya fitar da ita ɗan karenta ne. Wata Lahadi karen ya ci naman da aka ajiye wa Clifford, ya ja shi bayan gida ya sa masa shebur, ita tana kallo ta taga. Da ya tafi da lodi ranar Litinin ta binne karen, ta shiga jirgin ƙasa.

Aikinmu tun gari bai waye ba yake farawa. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi mun kunna tanda, kunun safe yana kan wuta, ana gasa burodi. Yaran su sauko da jiƙaƙƙen gashi, su ci, su wuce ɗakin ibada, daga nan aji. Da rana wasanni, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Sai shayi, sai karatun yamma, sai abincin dare. Mutanen ƙauye suna ɗauka 'ya'yan masu hali salihai ne, don sun ga suna tafiya bibbiyu cikin siket mai ruwan toka. Mu da muke ciki mun san sauran. An taɓa yanke wa wata kitso tana barci. An taɓa kulle wata ƙarama a ma'ajiyar takalma har ta yi fitsari a jikinta. Kuma da safe duk su zo su ce, "Mun gode, Misis Heslop," da murya kamar zuma.

Akwai wata yarinya, Imogen Farrant, doguwa mai jan gashi, ubanta soja ne yana ƙasar waje. Shekararta goma sha huɗu lokacin. Wata rana ana abincin rana, wata 'yar ajinsu mai suna Lavinia ta ɗaga murya ta ce, "Imogen, ashe mamanki ta gudu da likitan haƙori? To ko ba komai za a gyara miki waɗannan na gaban kyauta."

Imogen ta tashi tsaye. Ta miƙa hannu ta kama gashin Lavinia, ta buga fuskarta a kan faranti, ta ɗago, ta sake bugawa. Farantin ya rabe, jini ya gauraye da miya. Malamar da ke kan teburin ta tsaya tana kiran suna kawai. Noreen ce ta zagayo daga bayan teburin rabon abinci, ta rungume Imogen ta baya, ta ɗaga ta cak ta fita da ita tsakar gida, yarinyar tana shure-shure tana zuba mata dunduniya a ƙwauri.

"Sake ni, ke 'yar wanke-wanke!"

"In numfashinki ya dawo zan sake ki, gimbiya. Yi ta shuri, na sha wanda ya fi naki."

An hana Imogen fita har ƙarshen zango, an ɗinke wa Lavinia leɓe. Amma daga ranar Imogen ta koyi hanyar ƙofar kicin ta baya. Ta zo ta tsaya ta ce yunwa take ji, Noreen ta miƙa mata gefen burodi da ta shafa wa jam, zaƙin 'ya'yan itace, ta ce, "Ci ki ɓace, kafin a ce na lalata ki." Haka suka yi ta yi har Imogen ta kai ajin ƙarshe, ta zama kyaftin ɗin 'yan wasan hoki, wanda ake buga ƙwallo da sanda.

Wata Asabar ce cikin watan Nuwamba. An yi wasa da wata makaranta, mu kuma muna shirya musu shayi da kek kamar yadda aka saba. Ni da Noreen kaɗai ne a kicin. Ana yayyafi. Na ji an turo ƙofar da masu kawo kaya suke shigowa, na ɗauka mai madara ne. Da na juya sai na ga wani mutum mai furfura da jakat ɗin fata, ba shi da wani girma ma. Clifford ne. Daga baya muka ji cewa wani direban da ke kawo mana fulawa ne ya ambaci Noreen a wurin shan shayin direbobi, bai san abin da ya yi ba.

"Sannu, Nori," ya ce. "Kin yi ƙiba. Ashe abincin masu kuɗi yana karɓarki."

Tiren da ke hannunta ya faɗi. Ba ta gudu ba. Abin da har yau yake damuna ke nan, hannayenta kawai ta sauke ta sunkuyar da kai, kamar yarinyar da aka kira ofis.

Na ce, "Malam, nan ba wurin baƙi ba ne, fita."

Ko kallona bai yi ba. Ya sa bayan hannu ya make ni, na buga ƙeya a gefen tanda na zube. Ina gani daga ƙasa ya naɗe gashinta a hannunsa, ya ja ta zuwa wurin wanke-wanke, ya buga goshinta a bakin ƙarfen. Goshin ya tsage, jini ya rufe mata ido. Ya sa gwiwa ya doke ta a ciki, ta durƙusa. Yana yi yana magana a hankali, ba ihu.

"Kin san abin da na sha? Kin san dariyar da aka yi mini? Tashi, gida za mu."

Da ta kasa tashi sai ya janyo babbar butar shayi da ke tafasa, ya karkata ta a kan damtsenta. A nan ne ta yi ƙara.

Ƙofar da ke kallon filin wasa tana gefen kicin, ta nan yaran suke shigowa su cire takalma. Sun ci wasan, suna tafe suna waƙa, jikinsu duk laka, sanduna a hannu. Imogen ce a gaba. Waƙar ta yanke. Clifford ya juyo, har yanzu gashin Noreen yana hannunsa, ya ce, "Ku koma waje, 'yan mata, maganar gida ce."

Imogen ta matso, ta gyara ƙafa kamar yadda aka koya mata, ta kai masa sanda a gwiwa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ya faɗi yana zagi, ya kai hannu zai kama ƙafarta, wata ta dake shi a yatsu. Daga nan duk suka rufar masa. Babu wadda ta ba da umarni. Sanduna suna tashi suna sauka, a haƙarƙari, a baya, a fuska. Ya daina zagi ya koma roƙo, ya daina roƙon ma, ba su daina ba. Wata 'yar siririya da ke waƙa a ɗakin ibada, wadda ko gizo-gizo ta gani sai ta kira mu, na gan ta tana taka masa wuya da takalmin wasa. Na yi ta cewa ya isa, muryata ba ta fita.

Noreen ce ta rarrafo. Ido ɗaya a rufe, fatar hannunta ta saluɓe, ta ja jiki ta faɗa a kansa, ta rufe kansa da ƙirjinta. Sandunan da suka riga suka taso a bayanta suka sauka. Ɗaya ta same ta a kafaɗa, ƙashin ya karye.

"Ku ajiye," ta ce. "Imogen, ajiye. Ku fita ku wanke hannuwanku."

Suka tsaya suna haki. Ɗaya ta fara amai a kwandon shara. Malamar wasanni ta shigo da gudu, ta ga ƙasa, ta juya ta tafi kiran motar asibiti.

Clifford bai mutu ba, amma ya rasa ido ɗaya, kuma bai ƙara tafiya ba sanda ba. Daga asibiti kurkuku aka wuce da shi. Noreen ta yi makonni a kwance, an ɗebi fata daga cinyarta an lulluɓe damtsen. Kafin Litinin motocin iyaye sun cika harabar makaranta, wasu har da lauyoyinsu. Shugabar makaranta ta tara yara ta ce kada a ƙara tayar da maganar. 'Yan sanda suka je asibiti suka tambayi Noreen wace ce ta fara dukan, wace ce ta fasa idon. Ta ce jini ya rufe mata fuska, ba ta ga komai ba. Ni ma da suka zo kaina na ce na suma. Ba a kai ko ɗaya daga cikin yaran kotu ba.

Na je duba ta, na kai mata inabi. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Noreen, bayan duk abin da ya yi miki, me ya sa kika kare shi?"

Ta dube ni da idon da ke buɗe. "Shi? Da a titi ne mota ta take shi, ko shayina ba zan ajiye ba. Fuskokinsu na gani, Hazel. Daɗi suka fara ji. Na zauna da mai irin wannan fuskar shekara da shekaru, na san ta."

Uban Imogen ya yanke shawarar cire ta, ta ƙarasa karatunta a wani wuri. Ranar da za ta tafi, Noreen ta dawo ke nan, hannunta a rataye. Imogen ta zo ƙofar baya sanye da kayan gida, ta tsaya ba ta shigo ba.

"Misis Heslop, sandata ce ta karya miki kafaɗa."

"Na sani."

"Ban gan ki ba."

"Na san wannan ma. Shi ya sa nake so ki riƙa tunawa." Sai ta sassauta murya. "Kin cece ni, 'yar nan, ba zan ce ba ki cece ni ba. Bugun farko don ni kika yi shi, na gode. Sauran kuma naki ne, ke za ki san yadda za ki yi da su. Je ki, babanki yana jira."

Imogen ta so ta rungume ta, ta rasa inda za ta taɓa, sai ta riƙe mata yatsu kawai ta tafi.

Noreen ba ta ƙara ɗaga babbar tukunya ba. Aka mayar da ita rabon abinci da yankan burodi, ta yi shekara goma sha wani abu a haka. Sababbin yara suna jin labarin a ɗakin kwana, an ƙara masa gishiri, har ana cewa ita kaɗai ta kayar da 'yan fashi uku. In wata ta yi ƙarfin hali ta tambaye ta, sai ta ce, "Wake ko karas? Layi yana jira." Da aka sako Clifford an sanar da ita. Ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, sannan ta ci gaba da aikinta. Bai zo ba, ya mutu a gidan ƙanwarsa bayan 'yan shekaru.

Da ta yi ritaya ta kama ɗan gida a Amble, kusa da teku. Nakan hau bas in je mata wata Lahadin, mu sayi soyayyen kifi da dankali mu ci a kan benci, tana ƙorafin sanyi yana shiga kafaɗar, ina ƙorafin gwiwoyina. Ciwon huhu ne ya ɗauke ta, a asibiti, ina zaune a gefenta. Mu tsofaffin kicin muka raka ta, da maƙwabtanta, da wasu mata uku masu tsadaddun riguna da suka tsaya a baya, waɗanda sai da suka yi magana na gane tsofaffin yaranmu ne. Na tambaye su Imogen. Suka ce tana Kanada, tana kiwon dawakai, ba ta cika amsa waya ba.